Idanun Inna

…kuma ba fari ba ne ma, wuyan rigar nan. Bara'atu na ƙara matso da littafin zane-zanen kusa da taga. Toka-toka ne, da ɗan shuɗi, da rawaya a inda haske ya sauka — ido ne kawai ke cewa fari. Zanen wata Baturiya ne ta ƙarni na sha tara, zaune cikin duhun ɗaki, hannu ɗaya a cinya kamar ta manta shi a wurin. Mai zanen bai ja layi a gefen kumatunta ba. Ya bar fuskar ta narke cikin inuwa… a hankali, kamar man shanu a kan tuwo mai zafi.

Haka take so ta zana Inna. Inna da ta rasu bara, ba ta bar hoto ko ɗaya ba — "Me za a yi da fuskata?" Ga allon zanen a jingine tun farkon damina. Kallabin ya fito, mai ruwan goro. Kunne. Ɗan tabon nan na haɓa…

Hadari na haɗuwa ta wajen Kawo. Wani na buga ƙofar maƙwabta — a'a, taɓarya ce, can gidansu na Unguwar Shanu tana ƙarama, Inna na daka, tana magana da bango: "A ce wa yarinyar nan ta kawo rariya." Yarinyar nan. 'Yar fari, ba a kiran sunanta, ba a haɗa ido da ita. Kunya. Kowa ya san so ne, ita ma ta sani… ta sani?

Baturiyar kuwa kai tsaye take kallon mutum, ba gaggawa, kamar ta daɗe tana jiran zuwansa. Ɗigon fari a ƙwayar ido, ja kaɗan a kusurwa, fatar sama ta ɗan sauko. Dabarar ba wuya. Ba ita Bara'atu ta yi ta koya wa 'yan mata a aji ba har ta yi ritaya?

Burushi na hannunta. Gurbin idanun Inna na nan a allon, wayam. Baƙi ne wuluk? Ruwan ƙasa? Harira za ta sani, autarsu, ita ake ɗorawa a cinya ana sa mata kwalli. Ta kira ta a waya? Ta ce me — Harira, yaya Inna take kallon mutum?

Fenti na bushewa a bakin burushin. Gefen fuska kaɗai ta sani. Gefen fuska, da ƙeya, da kwanon da ake turo mata ba tare da an juyo ba…