Kofin Rayis Munsif

A tsibirin nan ba a kwance jirgi bayan hadari sai Rayis Munsif, shugaban masunta, ya kife kofin shayinsa a kan teburi. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Shi kansa yakan ce gadon da aka bar masa bai wuce kujera ɗaya a shagon shayin Lutfi ba, sai gwiwa mai ciwo in iska za ta taso, kuma gwiwar ta fi shi hankali. Duk da haka shekara ashirin da biyu yana kife kofi, ba a taɓa wanke gawa saboda shi ba.

Hadarin lokacin sanyi kuwa kowa ya san halinsa. Iska ta taso daga gabas, ta yi kwana biyu ko uku tana masifa, ta zubar da ruwanta, ta gaji. In ta gaji sama ta buɗe, shi ke nan, ba ta dawowa. Aikin Munsif kawai ya gane ranar gajiyar.

Na wannan Janairun ya fara ranar Talata. Laraba da hantsi shagon Lutfi ya cika da masunta, kowa ya ɗaure jirginsa ta yadda iskar gabas ba za ta buga shi da dutse ba. A rediyo wata mata tana bayani. Wai hadarin ya nannaɗe kansa a tsakiyar teku, cikinsa ya yi ɗumi, ya ɗauko halin guguwar ƙasashen zafi.

"Ɗumi?" in ji Munsif. "Riga uku ce a jikina. Ku ce mata ta aiko min da kaɗan a kwano."

Aka kwashe da dariya. Matar ta ci gaba da magana a ƙarƙashin dariyar, ba wanda ya ji sauran, Lutfi ya murɗa rediyon ya kamo waƙa.

Shadli, ƙanin Munsif, bai yi dariya ba. Tuluna ɗari uku yake da su a ƙasan teku, a jere jikin igiya ɗaya, can nesa da na kowa. Karnit, halittar nan mai hannu takwas, ita ke shiga tulu ta ɗauka ta sami ɗaki, sai a jawo ta. In igiyar ta tsinke, Shadli da matarsa Najiba sai dai su jira baɗi.

"Yaya, me gwiwar ta ce?"

"Ta ce ka zauna."

"Jiya ma haka ta ce. Ita da Najiba bakinsu ɗaya."

"To ka saki ɗaya mana, ka huta."

"Gwiwar zan saka. Ita ce ba ta iya girki ba."

Ana idar da sallar Azahar iska ta ɗauke. Ba lafawa ta yi sannu a hankali ba, tsayawa ta yi cak. Rana ta fito, ruwa yana ɗiga daga ganyen dabino. Mutane suka fito ƙofar shago suna ɗaga kai.

Munsif ma ya fito, kofi a hannu. Abu uku ya lura da su, kuma daga baya bai taɓa yi wa kansa ƙarya cewa bai lura ba. Iskar ɗumi gare ta, har ya cire riga ɗaya, alhali bayan hadarin sanyi sanyin ƙaruwa yake yi. Gajimare bai koma gefe ɗaya ba, ya kewaye su ne ta ko'ina kamar katanga. Gwiwar kuma tana nan tana zugi.

Amma sama a buɗe take. Ubansa bai taɓa ce masa akwai buɗewa iri biyu ba. Ga mutum ashirin a tsaye, babu mai kallon sama yanzu, hannunsa suke kallo.

"Rayis, ko sai matar rediyo ta ba ka izini?" in ji Lutfi.

Munsif ya kurɓe sauran shayin, ya koma ciki, ya kife kofin.

Jirgi huɗu suka fita. Shadli ne a gaba, ya ɗaga masa hannu daga bakin ruwa yana cewa, "Ka gaishe min da gwiwa!"

Ba a yi awa ɗaya ba iskar ta dawo, daga yamma, inda ba a taɓa jiran ta ba. Ta fi ta farko ƙarfi. Jiragen da aka ɗaure don iskar gabas suka riƙa karo da juna. Rumfar Lutfi ta tashi da kujera biyu. Uku daga cikin waɗanda suka fita suka dawo da kyar, ɗaya ba inji, don tulunansu na kusa ne.

Najiba ta iso bakin ruwa a jiƙe, mayafinta ya manne mata a fuska. Ta tsaya kusa da Munsif.

"Yaya Munsif, kai ka kife?"

"Ni na kife."

Ta juya fuskarta ga teku. Ya so ta zage shi. Suka tsaya tare suna kallon inda babu abin gani, har wasu mata suka zo suka janye ta.

Ranar Juma'a aka ga jirgin Shadli a kife a kan rairayi. Asabar teku ta mayar da Shadli. Munsif da kansa ya shiga wankan, ya kuma ga takalmin roba ɗaya ne a ƙafar ƙanin nasa, na Munsif ɗin ne ma da ya ara masa bara.

Bayan sadakar uku maza suka je suka jawo wa Najiba igiyar. Ba ta tsinke ba. Tulu tara kacal suka fashe. Sauran kusan kowanne da karnit a ciki, a naɗe, lafiya lau. Munsif ya daɗe yana kallon su a cikin kwando. Duk tsibirin, su kaɗai ne ba su fito ba da rana ta buɗe.

A watan Fabrairu wani hadarin ya zo, irin na kullum, daga gabas, ya yi kwana biyu ya gaji. Sanyi ya ƙaru, gajimare ya koma gefe ɗaya, gwiwar ta yi shiru. Munsif ya san ya wuce. Ya yi zaton ba mai ƙara kallon hannunsa, amma da ya ɗaga kai shagon a cike yake, kowa hannunsa yake kallo. Ba su da wani.

Aka yi kwana biyu a haka, rana tana haskawa, jirage a ɗaure.

"Rayis," in ji Lutfi a hankali, "mutane suna da iyali."

Munsif ya dubi kofin. Saura kurɓi ɗaya. Ya tura shi gaba.

"Ƙaro min shayi," ya ce. "Ka cika shi."