Yatsun Tsoho Dengao

A ƙauyenmu ba a sakin agwagi cikin gonar shinkafa sai kifin da ke ruwan gonar ya kai faɗin yatsa uku. In aka yi gaggawa, agwagin su haɗiye kifin. In aka makara, ƙwari su tsotse shinkafar. Kuma ba da yatsun kowa ake awon ba, sai na Tsoho Dengao, hannun dama. Kafin shi da na ubansa ake yi.

Bana, saura kwana biyu awo, rina ta harbe shi a bayan hannu.

Aka taru a gindin hasumiyar ganga, inda ake taron gari, kowa da kifinsa a bokiti. Tsoho Dengao ya miƙo hannu, kowane yatsa ya yi kaurin goyon masara. Ya ɗora a kan kifinmu.

"Yatsa ɗaya," ya ce. "Da saura."

"Baba, gwada da hagu mana," in ji Innata.

"Hagu? Ai hagu bai taɓa koyon aikin ba."

Dattawa suka gyaɗa kai. Gaskiya ne, bai taɓa ba.

Muka koma gida da 'yan agwaginmu arba'in. Babana yana can lardin Guangdong mai nisa wajen aiki, gonar nan ɗaya ita ce abincinmu na shekara. Kullum Inna sai ta hau ta duba. Ƙwarin sun fara daga kusurwar ƙasa ta gonar, wurin ya yi rawaya kamar faɗin tabarma, bayan mako ya zama tabarma uku.

Agwagin kuwa girma suke ta yi. Suka bar ƙarƙashin gida inda muke ajiye su, suka koyi hawan matakala. Duk inda Inna ta sa ƙafa suna biye, har madafa. Ɗaya ya saba cin shinkafa mai danƙo a kwanona, in na hana shi ya yi fushi.

Mako uku hannun bai sace ba. Duk gari aka koma jinyarsa. Wannan ya kai ƙwai, wancan giyar shinkafa. Maƙwabciyarmu Goggo Peiyun ta buɗe tulun kifin tsamin da take ɓoyo don bikin ɗanta, ta kai masa.

Wata safiya muka kai masa dakakken ganye, ni da Inna. Ba ya ɗaki. Muka zagaya bayan rumbu, sai ga shi tsaye, ya runtse ido, yana tura hannun dama cikin gidan rina.

"Baba!"

Ya janye hannun ya ɓoye a baya. "Magani nake nema."

"A bakin rina? Shinkafata na can tana mutuwa, kai kana nan kana ƙara wa hannu ƙiba!"

Ya zauna a kan turmi. "'Yar nan, shekara shida da rasuwar matata. Sau ɗaya a shekara ake zuwa gidan nan, shi ma hannuna ake zo wa. Jiya fa har riga Peiyun ta wanke mini."

Inna ta dube shi, ta dubi hannun da ya fara sabon tashi. Ko yau ya tuba, sai an ƙara kwana goma kafin hannun ya sace. Ta wuce tafkin bayan gidanmu inda muke ajiye uwar kifi mai yi mana ƙwai, ta rungumo ta kamar jaririya, ta tsoma ta a gona, ta ciro, ta sa aka buga ganga.

"Ke, uwar agwagi," in ji Goggo Peiyun, "wannan kifin ai ya girmi aurenki."

"Daga gonata na ciro shi."

"Yaushe ya shiga?"

"Ɗazu."

Dattawa suka haɗa kai. Ba su tuna an taɓa cewa sai kifi ya kwana a gona ba.

Tsoho Dengao ya ɗora hannu, ya daɗe yana kallo. Inna ta sunkuya ta ce masa a hankali, akwai kwano ɗaya da ba mai shi a gidanmu kowace rana. Ya yi gyaran murya.

"Yatsa uku cif."

Gari ya ɗauki ihu. Muka kora agwaginmu zuwa gona, suka tsaya a bakin ruwa suna leƙe. Babban cikinsu ya tsoma ƙafa ɗaya, ya ciro, ya kakkaɓe, ya juya hanyar gida. Sauran suka bi shi.

"Sun zama mutane," in ji Goggo Peiyun. "Sai ki nemo musu takalma."

Inna ta naɗe wando ta shiga ruwan. Sai suka tsaya, suka dawo, suka faɗa bayanta ɗaya bayan ɗaya suna tsintar ƙwari. Ta fito ta huta, suka fito. Ta koma, suka koma.

Haka ta yi kwana talatin da huɗu tana kai da kawo tsakanin layukan shinkafa, daga safe zuwa yamma, kifi na dukan ƙwaurinta. Ni ke miƙa mata abinci a tsaye. Kusurwar ƙasa dai ƙwari sun gama da ita. Sauran gonar ta fid da kai, ranar nan Inna ta fito daga ruwa, ta zauna a bakin gona ta ce kada wanda ya yi mata magana sai gobe.