Kwabon da Ke Kan Ɗakin Suruka

Duk unguwar Dutse Uku babu wanda bai gaji da bakin Haladu kafinta ba. Abu ɗaya yake taƙama da shi, wato rufin da ya buga ba ya yoyo. Ya faɗa a teburin mai shayi, ya faɗa a ƙofar masallaci, har a zaman makoki ya taɓa faɗa, yana kallon kwanon gidan mamacin yana girgiza kai. Abin haushin kuma, gaskiya yake faɗa. Sirrinsa tsofaffin kwabban nan ne masu huji a tsakiya. Da naira ta shigo aka daina karɓarsu, sai ya bi gida-gida ya tara buhu guda, yana zura ƙusa a hujin kafin ya buga a kwano. Kambin Sarkin Ingila ya sha guduma a hannunsa ba adadi.

Da daminar 1978 ya je Kabong sayen ƙusa a shagon Nnadozie mai kayan gini.

"Oga Haladu," in ji Nnadozie, "wannan kwabo da kana buga, ka taɓa ganin wanda huji nashi ya tafi gefe? Akwai wani Bature na kuza, zai koma gida wata mai zuwa. Shi yana tara kuɗi da injin ya yi mistek. Ya ce zai ba da naira hamsin."

Haladu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe mutanen da suka mulki ƙasa aikin banza suke saye da tsada. Yana cikin dariyar sai ya tuna wani abu. Shekara huɗu da suka wuce ya rufa wa surukarsa Balaraba ɗaki a unguwar Ali Kazaure, aikin "Allah ya yi albarka". Da yake kyauta ne, sai ya zazzage mata duk tarkacen buhun, har da wani kwabo mai karkataccen huji. Ya ma tuna inda ya buga shi.

To, da wane dalili mutum zai hau kan ɗakin surukarsa? Tsohuwar nan ko gaisuwa ka je yi sai ta ji abin da ke bayan gaisuwar. Matarsa Maimunatu kuwa in ta ji zancen da hantsi, kafin azahar yana kunnen uwarta. Kwana uku yana juya abin a ransa, naira hamsin ta ƙi barinsa ya ci tuwo da daɗi.

Ran Asabar ya ɗauki tsani ya tafi. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna nesa, kai a ƙasa. Ya tarar da mata biyu 'yan unguwa suna taya ta ɓare gyaɗa.

"Inna, rufin nan na zo dubawa. Akwai ɗan kuskure a aikina. Ina tsoron ya yi yoyo."

Balaraba ta ajiye gyaɗar. "Malam, kunnen nan ba ya ji sosai. Ɗaga murya."

Ya ɗaga.

"Aikin wa?"

"Nawa, Inna."

Kunya ta kama shi kamar ya nutse, amma ya hau, ya zare ƙusar, ya jefa kwabon a aljihu, ya maye gurbinsa da mai kyau. Ya ƙara bubbuga wurare biyu don a ji ƙara.

Washegari Nnadozie ya raka shi gidan Baturen. Baturen ya karɓe su a barandarsa, ya ɗora gilashi a kan kwabon, ya juya shi gaba da baya. Ya ce na gaske ne, kuskuren daga inji yake. Sai dai an lotse shi da guduma, tsatsar ƙusa ta ci rabin rubutun. Ya sa Nnadozie ya tambaya wane marar imani ne ya yi wannan aika-aika.

"Wani kafinta ne," in ji Haladu. "Ba ɗan unguwarmu ba ne."

Naira biyar Baturen ya bayar, wai don wahalar tafiya.

Yana karyo kwanar gidansa ya hango mutane a ƙofa. Ga Ishaku tela, ga Lukuman direba, ga wasu biyar, duk waɗanda ya taɓa yi wa rufi. Ashe Balaraba ta je suna da safe, ta yi ta sa wa surukinta albarka a gaban mata, mutum mai tsoron Allah, wanda ya zo da ƙafarsa ya ce aikinsa ba kyau.

"Mun ji ka fara bin rufinka ɗaya bayan ɗaya kana gyarawa kyauta," in ji Lukuman. "Allah ya saka. Gaskiya ba kowa zai iya ba."

"Ni dama tun bara nake jin kamar ɗiga a ɗakin yara," in ji Ishaku, "nauyinka nake ji."

Ƙarya yake yi, Haladu ya san ƙarya yake yi. Ya buɗe baki zai rantse cewa babu rufinsa ko ɗaya da ke zuba, sai ya tuna in ya rantse, sai ya faɗi abin da ya kai shi kan ɗakin tsohuwar.

"Da gidan wa za a fara?" ya tambaya.