Fuska Ta Biyar

"Ban da leƙen takardar wani," in ji Malam Usur, yana bi benci-benci yana ajiye wa kowa tasa. 'Yan aji uku ne, yanzu suka shigo daga fili, gumi na ɗiga daga haɓarsu, wasu ko haki bai sake su ba.

Daga ofishin ilimi aka aiko takardar. Tambaya ɗaya ce a sama: yaya kake ji a lokacin motsa jiki? A ƙasa fuskoki biyar a jere, ta farko ta washe baki har kunne, ta biyar ta haɗe gira ta murtuke. Da safe shugabar makaranta ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in sakamakon bai yi kyau ba, darasinsa zai koma sau ɗaya a mako, a ba lissafi sauran lokacin. Shekara ashirin da biyu yana koyar da tsalle da guje-guje, har usur ɗin wuyansa ya cinye sunansa na yanka, bai taɓa zaton da zanen fuska za a auna aikinsa ba.

Da aka fita hutun tara, ya shige ɗakin ajiyar kayan wasa, ya zauna kan tulin katifun tsalle ya fara dubawa. Takarda ta farko, fuska ta biyar aka kewaye. Ta biyu, ita. Ta uku ma ita. Cikin yara talatin da huɗu, ashirin da tara ita suka zaɓa, wani har ya yi mata ado da jan fensir.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ashe duk ihun nan da suke yi a fili na dole ne? Akwai abin goge fensir a aljihunsa. Ya ciro shi, ya jujjuya, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da shi inda ya fito.

Ana haka sai ga wadda suke kira 'Yar Firit, mafi ƙanƙanta a ajin, ta kawo igiyar tsallen da aka manta a fili.

"Zo nan, 'yata. Ba faɗa zan yi ba. Me ya sa ba kwa son wasa?"

Ta zaro ido. "Mu? Wa ya ce?"

Ya nuna mata takardun.

"Lah, Malam, ai kai muka zaɓa!" Ta ɗora yatsa kan fuskar. "Dubi girar. Sak kai in za ka ce mu yi layi. Dogo na ajinmu ne ya fara ganewa, ya ce ga Malam nan. Waɗancan masu dariyar ba mu san su ba."

Ya sake duban fuskar. "To, biyar ɗin da suka zaɓi wata fuskar fa?"

"Na bayan aji ne, ba su ji ba. Yanzu haka ɗaya tana can tana kuka don ba ta zaɓe ka ba."

Haka ya kwashi takardun ya kai wa shugaba, ya zayyane mata komai. Ta yi dariya har ta kifa kai a tebur.

"Ofis ba ya karanta bayani, Malam, fuska yake ƙirgawa," ta ce tana share hawaye. "Gobe ni zan raba musu sababbi da kaina, in yi musu bayani dalla-dalla. Kai kuma don Allah ka riƙa ɗan sakin fuska."

Bayan hutu 'yan aji huɗu suka fito fili da gudu. Malam Usur ya tsaya a bakin raga, ya tattaro duk ƙoƙarinsa ya yi musu murmushi. Yaran suka ja birki, suka yi cirko-cirko suna kallon juna. Can wani ya ɗaga hannu a hankali.

"Malam, haƙori ne ke maka ciwo?"

Ya mayar da girarsa inda ta saba zama.

"Ku yi layi!"

Nan take filin ya kaure da sowa.