Layi na Takwas

A juyi na ƙarshe ƙafar Zaleha ta zame daga bango, ta sha ruwa. Ta ɗago, ta ja numfashi, ta ci gaba da jan hannu. Tseren iyo ne na mita ɗari huɗu, na matan da suka haura shekara hamsin. Ba gajere ba ne da za a ƙure ƙarfi a huta, bai kuma yi tsawon da mutum zai lallaɓa ba. Tun tsakiyarsa kafaɗunta suka yi mata nauyi kamar an ɗora musu buhun shinkafa.

Ta taɓa bango, ta rungume igiyar da ta raba layinta da na kusa. Ta zo ta huɗu. Bara a nan garin Ipoh ita ce ta biyu.

Mei Fong, wadda suke atisaye tare tun 'ya'yansu na firamare, ta miƙo mata hannu ta saman igiya suka gaisa.

"Leha, yau kifi kike nema a ƙasan ruwan? Na waiga ban gan ki ba."

"Ke dai bari," in ji Zaleha tana haki. "Tsohon bai bar ni na runtsa ba."

Tsohon shi ne mahaifinta. Tun da ruɗewar tsufa ta kama shi ya dawo gidanta, kuma ba ya yarda kowa ya yi masa wanka ko ya ba shi abinci sai ita, ko da yake yawanci da sunan marigayiya mahaifiyarta yake kiranta. Yau da ƙyar ƙanwarta Rosnah ta yarda ta zauna da shi zuwa azahar. Ga shi gasar ta makara.

Ta cire tabarau ta duba wurin 'yan kallo. Mijinta Shamsul ya sauko har bakin shinge, waya a kunne, yana yafito ta da ɗaya hannun.

"Leha! Rosnah ce! Ya zubar da kunun, ya ɓata jikinsa, ya ƙi ta taɓa shi. Ta ce aiki za ta tafi!"

Wani alƙalin gasa mai farar riga ya juyo ya ɗora yatsa a baki. Shamsul ya rage murya, amma bai daina yafitowa ba.

Zaleha ta dafa bakin tafkin za ta fita. Mei Fong ta riƙe mata gwiwar hannu.

"Layi na takwas," ta ce a hankali.

Can gefe wata mata tana iyo har yanzu. Thilaga sunanta, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kuma an ce sai da mijinta ya rasu ta koyi iyo. Wannan ce gasarta ta farko. Saura mata zuwa da dawowa, har da ƙari. Hannunta na faɗawa ruwa kamar mai wanki, kanta na ɗagowa gaba ɗaya duk numfashi.

Ba a fita sai ta ƙarshe ta taɓa bango. Haka aka koya wa Zaleha, haka ita ma take koya wa sababbi. Wanda ya fita ya nuna wa mai iyo cewa ita kaɗai ta rage, kowa jiranta yake.

"Abang," ta kira mijinta yadda ta saba kiransa, "ka ce mata ina zuwa."

"Yaushe?"

Ta nuna masa layi na takwas da haɓa. Ya duba, ya shafa fuska, ya juya baya yana ba Rosnah haƙuri.

Zaleha ta koma ta saƙala hannuwa a igiya, ta ɗora haɓa a kai. Ruwan ya ɗauke mata nauyin jikinta. Ƙafafunta suka taso da kansu. Bayanta, da kullum yake ciwo saboda ɗaga tsoho daga gado zuwa kujera, ya yi shiru. Babu mai iya miƙo mata waya a nan. Babu mai cewa ta tashi, don dokar wurin ce ta ce ta tsaya.

Thilaga ta juya a can ƙarshe, ta ɗan dakata riƙe da bango, ta sake sakowa. 'Yan kallo suka fara tafi. Mei Fong tana dukan ruwa tana ihu, "Taho, Malama! Ɗalibai na kallo!"

Zaleha ma ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ta ji ba ta so. Ta kama kanta tana kallon tazarar da ta rage wa matar, tana jin haushin yadda take raguwa. Kunya ta kama ta. Ta lumshe ido duk da haka, ta bar kunnuwanta suka nutse, hayaniyar ta koma can nesa.

Usur ne ya dawo da ita. Thilaga ta taɓa bango. Aka fita ta gefe ɗaya bayan ɗaya, nauyin jikin Zaleha ya dawo mata tun a matakalar farko.

Shamsul ya riga ya tattaro jakarta. "Kayanki a mota za ki sa. Rosnah har kuka take."

Ta yafa tawul ta bi shi, ruwa na ɗiga daga jikinta. A bakin ƙofa wani hannu ya kama nata. Thilaga ce, idanunta jajir, har yanzu numfashinta bai daidaita ba.

"Kak, yayata, ki yafe ni. Na ga maigidanki yana kiranki. Na tsayar da ke. Ba zan sake shiga ba, ni ba ajinku ba ce."

Zaleha ta dube ta. Shamsul yana kaɗa makullin mota.

"Wata mai zuwa akwai gasa a garin Taiping," ta ce. "Akwai mita ɗari takwas. Ki sa sunanki."

Thilaga ta zaro ido. "Ɗari takwas? Ai sai ku kwana a ruwa kuna jirana."

"Ki sa dai," in ji Zaleha. "Ni ma zan sa."