Lambar da Ta Ƙi Sauka

Mai Ɗinki mace ce da ba ta yarda da awon kowa sai nata. Ko mutum ya zo mata da awonsa a rubuce, sai ta sake zagaya shi da tef ɗinta kafin almakashi ya taɓa yadi. To, mace irin wannan aka miƙa wa takarda aka ce jinin mijinta ya nuna sittin da biyu, alhali ƙasa da goma ake nema, kuma wai ta yarda haka nan.

Mijin nata, wanda kowa ke kira Kafinta, shekara biyu ke nan ana yi masa wankin ƙoda, sau uku a mako. Ciwon suga ne ya cinye masa ƙodojin a hankali. Ƙaninsa Auta ya ce zai ba shi ɗaya, aka gwada su aka ga sun dace, har aka sa ranar dashe. Saura mako huɗu aikin, Likita ya kira su ofis ya juyo musu da takardar.

"Wannan lambar alamar kumburi ce a jini," in ji shi. "Duk lokacin da jiki ke faɗa da wani abu, ƙwayar cuta ko miki, sai ta hau. Masu ciwon ƙoda dama tasu takan ɗan ɗaga, ba ma damuwa. Amma sittin da biyu, akwai inda wuta ke ci. Bayan dashe za mu ba shi magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki. In muka yi haka da cuta a ɓoye, mu muka kashe shi."

"Ranar aikin fa?" Mai Ɗinki ta tambaya.

"In ba ta sauka nan da mako uku ba, wani za a ba ranar. Likitocin dashen baƙi ne, ba za su dawo ba sai bayan wata takwas." Ya dubi Kafinta. "Kuma gaskiya, zuciyarsa ba za ta jure ƙarin wata takwas a kan injin wanki ba."

Kafinta ya gyara hula ya ce Allah Ya zaɓa mafi alheri. Ita ko amin ba ta ce ba, tana ta juya takardar gaba da baya.

Aka shiga nema. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada fitsari, aka leƙa haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, aka duba hannun da ake soka masa allurar wanki. Likita ya danna ƙaurinsa da yatsa ya ga ko ruwa ya taru. Babu komai. Ba zazzaɓi, ba tari, mutum yana cin abincinsa yana zolayar ma'aikata. Nan Mai Ɗinki ta yanke hukunci: in jikin lafiyarsa lau, to takardar ce ke ƙarya, kuma takarda ba ta yin ƙarya da kanta.

Wadda ta fara sa wa ido ita ce Sista, babbar ma'aikaciyar ɗakin wankin, mace mai saurin hannu da kaifin baki. Ɗakin gado takwas ne, inji takwas, kuma ranar ɗibar jini duk 'yan kwalaben a faranti guda ake tara su. Me zai hana a musanya? Ga dattijon gado na uku can yana tari kamar zai amayar da huhunsa, ai shi ya fi kama da mai sittin da biyu. Ranar Laraba Mai Ɗinki ta tsaya a kan Sista tun daga soka allura har manna suna, wuyanta a miƙe.

"Ko ke za ki rubuta ne?" Sista ta miƙo mata biro.

"A'a, kallo nake yi."

"To matsa, kin tare min haske."

Sunan daidai aka manna. Ta bi farantin da ido har ƙofar ɗakin gwajin jini, kuma a nan ne ta ga abin da ya tsinka mata zuciya. Auta ne ke fitowa daga ciki, shi da mai gwajin, suna magana ƙasa-ƙasa. Ranar ba ranar zuwansa ba ce. Da ya hango ta sai ya yi sauri ya sauke hannun rigarsa, ya gaishe ta sama-sama, ya ce sauri yake yi.

Tun daga nan ta daina ganin Auta, sai abin da take zargi. Matarsa ta haihu wata biyu da suka wuce, ɗan fari. Wa zai so a farke masa ciki da jariri a gida? Amma kunyar wansa ba za ta bar shi ya ce ya fasa ba. Hanya mai sauƙi ita ce lambar ta ƙi sauka har ranar ta wuce, kowa ya ce ƙaddara ce. Tana taka keken ɗinki tana haɗa zancen, kuma duk inda ta ja sai ya zauna cif. Har ta ɗinke wa wata mata aljihu a rufe ba ta sani ba.

Sakamako na biyu ya fito: tamanin da huɗu.

"Baban yara, tashi mu je wani wurin a gwada," ta ce da safiyar Alhamis.

"Haba, jinin nawa duka nawa ne? Can su ɗiba, nan su ɗiba."

"Cokali ɗaya ne, ba bokiti ba. Tashi."

Ya yi ta kawo dalilai, yana da ƙofar mutane da bai gama gogewa ba, rana ta yi zafi, a bari sai gobe. Ta ɗauka kare ƙaninsa yake yi, abin ya ƙara ƙona mata rai. Ta tasa shi gaba har wani ɗakin gwaji da ke saman kantin magani, inda babu wanda ya san su. Yana hawa matakala yana hutawa, ta ce ciwon ne. Da la'asar ta koma ta karɓo takardar: casa'in da ɗaya.

Da wata macen ce, da nan ta saki zargin. Mai Ɗinki sauya masa mazauni kawai ta yi. In ba a takarda aka yi zagon ƙasan ba, to a jikin aka yi. Wa ke kai wa Kafinta shayi a fulas kullum a shagon da suke aiki tare, in ba Auta ba? Ta wuce shagon kai tsaye, ta tarar da Auta yana yanka katako, garin itace ya yi masa fari a gira. Ta kashe masa injin da hannunta.

"Yaya, lafiya?"

"In ka fasa ka fito ka faɗa. Ƙodarka ce, ba wanda zai ƙwace. Amma wannan kwana-kwanar, ka shiga ɗakin gwaji ka fita, ka kawo shayi, ka bari haka. Mijina ba shi da wata takwas."

Auta ya daɗe yana kallonta. Sannan ya cire tef ɗin awo daga wuyansa ya ajiye a kan teburin aiki a hankali.

"Ni kike faɗa wa haka, Yaya?"

Ya fita ya bar ta da katakon. Ta ji wani abu ya soke ta, amma ta ce a ranta mara gaskiya ne ke gudu.

Washegari Juma'a ranar wanki ce. Ƙa'idar ɗakin ita ce kowa ya hau sikeli kafin ya kwanta, ba takalmi, ba komai a aljihu, don a san yawan ruwan da za a cire. Kullum Kafinta da kansa yake tura takalmansa ƙarƙashin benci. Ranar jiri ya ɗebe shi yana saukowa, Sista ta riƙe shi ta wuce da shi gado, takalman suka rage a tsakiyar hanya. Mai Ɗinki ta sunkuya ta ɗauka, yatsunta a ciki. Na hagun ya ba ta wani abu da na daman bai ba ta ba.

Ta matsa bakin taga ta leƙa. An fafe shimfiɗar cikin takalmin daidai inda tudun ƙafa ke sauka, rami zagayayye kamar bakin kofin shayi, gefensa a goge sumul. Wannan ba cin tafiya ba ne. Shekara ashirin da biyu tana ganin aikin hannun mijinta, ko a duhu ta san shi. A tsakiyar ramin akwai tabo ruwan ƙasa, da wani wari da ya sa ta kau da kai.

Sai abubuwa suka riƙa faɗo mata. Rabonta da ganin safarsa a kwandon wanki ya kai wata guda. Ya koma kwana da safa wai sanyin fanka. Ga matakalar jiya. Ita da ke gane an rage mata rabin inci a yadi, ƙafar mijinta na ruɓewa a gado ɗaya da ita tana can tana gadin 'yan kwalabe. Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda.

Ta jira har aka soka masa alluran biyu, jini ya fara zagaya cikin robobi, inji ya kama ƙugi. Awa huɗu babu inda za shi. Ta ja labule, ta ɗora takalmin a kan cikinsa.

"Mene ne wannan?"

Ya dube shi, ya dube ta, ya mayar da ido kan silin.

"Ƙusa ce. Na taka a shago. Ban ma ji ba, kin san ƙafar ba ta ji, sai da na ga jini."

"Yaushe?"

"Mako biyar. Ko shida."

"Likita na ta haƙilo, ana ta hoto, ni ina ta zagin bayin Allah, kai kana kwance ka san inda wutar take?"

"Rage murya." Ya dubi labulen. "Da farko cewa na yi zai warke. Da Likita ya ce in lambar ba ta sauka ba ba za a yi ba, sai na ji wani sanyi a raina, wallahi. Ke, Auta yana da shekara shida babanmu ya rasu. A wuyana ya girma. Ni na riƙe masa hannu ya fara buga ƙusa. Ranar da na ɗauki jaririnsa, sai na ga kamar shi ne aka sake miƙo min. In ce masa ba na so, ba zai ji ba. In ce miki, ki cinye ni. Na ce bari ranar ta wuce da kanta, kowa ya huta."

"Kowa ya huta," ta maimaita. Hawaye ya zo mata, na haushi. "Ni da yara a cikin kowa muke?"

Aka ja labulen. Auta ne, da fulas ɗin shayi a hannu, don duk da abin da ya faru jiya bai fasa kawowa ba. Fuskarsa ta nuna ya ji isasshe. Ya ajiye fulas ɗin, ya naɗe hannun rigarsa ya nuna wa Mai Ɗinki gwiwar hannunsa, tabon allura uku a jere.

"Abin da ke kai ni ɗakin gwaji ke nan, Yaya. Na ɗauka ko ni ke ɗauke da wata cuta ina shafa masa, kullum muna tare a shago. Lambar tawa uku kacal ce. Na ji kunyar faɗa ne."

Ta so ta ce ya yafe mata. Shi kuwa bai jira ba. Ya zagaya ƙarshen gadon ya kama ƙafar hagun wansa. Kafinta ya yi yunƙurin janyewa, inji ya yi ƙara.

"Kar ka motsa min hannu!" Sista ta daka tsawa tana tahowa.

Auta ya naɗe safar a hankali. Ta manne, sai da Sista ta jiƙa ta da ruwan wanke ciwo kafin ta saki. Mai Ɗinki ta kalli mikin sau ɗaya ta dafa ƙarfen gado. Sista ta ce a kira Likita yanzu-yanzu.

Likita ya zo ya duba, ya sa aka ɗauki hoto. Ya ce abin bai kai ƙashi ba, da ƙyar, amma yau za a kwantar da shi a yanke ruɓaɓɓen naman, a fara allurai ta jijiya. Game da ranar aiki kuwa, ya ce saura kwana goma sha biyu a yanke shawara, shi ba zai yi alkawari ba, jinin ne zai faɗa.

Da ya fita, Auta ya zauna a bakin gadon, har yanzu ƙafar tana hannunsa.

"Yaya, ka gwammace a yanke maka ƙafa da ka karɓi abu a hannuna?"

"Kana da jariri."

"Ina da shi. Wa zai koya masa aiki? Ni da har yau ba na iya rataya ƙofa ta zauna daidai sai ka zo?"

Kafinta ya rufe ido da hannun da babu allura. Kafaɗunsa suka fara rawa.

Aka kawo keken marasa lafiya bayan an gama wankin. Mai Ɗinki ta tattara kaya, hula, bargo, fulas, ta nemi takalman ta ga na dama kaɗai. Na hagun yana hammatar Auta, ya matse shi.

"Kawo in haɗa su," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Ita ce maganar farko da ta iya yi masa.

"Bar shi a wurina, Yaya. Ranar da aka sallame mu mu biyu, zan ba shi kayansa."

Ya kama keken ya tura. Ta bi su a baya da takalmi ɗaya a hannu.