Yaro Ɗaya, Kati Ɗaya

Tun da Injiniya ya ɗora mana sabon fom a kwamfutar asibitin yara, ni da shi ba ma ga maciji. Kafin fom ɗin ya karɓi yaro sai ya laluba rajista. In ya ga suna ɗaya da lambar wayar uwa ɗaya, sai ya fito da jan akwati, wai akwai shi. Ranar haihuwa kuwa ko kallonta ba ya yi. Sau uku ina masa magana, ya ce mai buga suna ba ta koya wa mai haɗa manhaja aiki.

Gaskiya akwatin yana kama masu wayo. Akwai matan da ke rajista sau biyu don gidan sauron da ake rabawa kyauta, ni kuma na tsani a raina mini hankali.

Ran Talata layi ya kai bakin famfo, wata mata ta miƙo jariri. Na buga suna, jan akwati ya fito. Na ce ta taɓa kawo shi. Ta ce wannan bai taɓa zuwa ba. Na ɗaga murya yadda layi zai ji, na ce kwamfuta ba ta ƙarya, in gidan sauro take so ta faɗa. Ita ma ba kanwar lasa ba ce. Ta ce an ajiye ni in duba ne, ba in yi wa mutane haushi ba.

Rigakafi ya kawo su, mai allura ba ta taɓa yaro in ba shi da kati, kuma ƙarfe sha biyu take rufe firijin allurai. Cikin fushi na yi abin da muka saba. Na buɗe tsohon bayanin, na goge ranar haihuwa da nauyi, na ɗauki jaririn hoto a kan na da, na adana. Na buga katin na wurga mata.

Ta daɗe tana kallon lambar katin.

"Wannan ai lambar yayansa ce," in ji ta.

Ashe wancan ya rasu yana wata goma, sunansa aka mayar wa wannan. Katinsa ruwa ya cinye shi lokacin da rufinsu ya yi yoyo. Ta yi niyyar in an gama ta roƙe ni in buga mata tsohon, don ba ta da wani hotonsa.

Kunya ta kama ni. Na kira Injiniya. Ya ce duk abin da aka rubuta sabo a kansa ya tafi, wa ya aike ni? Na ce fom ɗinsa makaho ne, ya ce hannuna ne ya goge. Muka yi ta zage-zage tana tsaye, har ya kashe waya.

"Hoton fa?" ta tambaye ni.

Na ce babu.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta gyara goyonta ta wuce ɗakin allura, matar da ke bayanta a layi ta matso ta faɗi sunan ɗanta.